Yadda Ake Zagayawa da Baƙi a Tsohuwar Ikko: Darasin da Na Kwaso a SIWES



Tun da na dawo daga Legas editan mujallar nan yake bi na bashin rubutu. Ko a masallaci muka haɗu ko wajen mai shayi, sai ya ce, "Mutumin Ikko, ina alƙawari?" To yau dai ga shi. Wata huɗu na yi ina SIWES a wani ƙaramin kamfani da ke zagayawa da baƙi wuraren tarihi a tsibirin Legas, a ƙafa. Na yi rubutun ne musamman don 'yan ND 1 na sashenmu na yawon buɗe ido da za su fita bana, amma 'yan injiniya da masu karatun zanen gine-gine kada ku yi saurin buɗe shafi na gaba, akwai rabonku a ciki.

Bari in fara da kunyar da na sha. Ranar da aka fara ba ni baƙi, kwana na yi ina haddar shekaru kamar mai shirin tes. Da safe na tsaya gaban babban cocin Marina na buɗe baki: 1851 kaza, 1861 kaza, 1914 kaza. Wallahi ban yi minti biyar ba na ga rabin mutanen sun koma latsa waya, wata mata kuma tana neman inuwa. Ogan namu, wani dattijo Bayarabe da ya yi ƙuruciyarsa a Sabon Garin Kano, yana jin Hausa kamar jakin Kano, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, waɗannan ba lakca suka biya kuɗi su ji ba. Duk abin da ka faɗa yanzu yana cikin wayarsu. Ka nuna musu abin da ba za su gani ba sai da kai." Na ce, "To Baba, me zan nuna?" Ya ce, "Juya su su kalli titi, ka tambaye su ina ruwa yake."

A nan darasin ya fara. Titin da ake kira Marina asalinsa bakin ruwa ne, a nan ake sauke kaya ana lodawa. Yau in ka tsaya a ƙofar cocin, tsakaninka da ruwa akwai wuraren ajiye motoci da babbar hanya da gadar jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2023. Duk wannan fili cike shi aka yi da yashi. Da zarar baƙo ya gane cewa ƙasar da yake kallo a da ruwa ce, sai ka ga ya mayar da waya aljihu da kansa.

Abin da dole ka sani kafin ka buɗe baki

Ba a ce kada ka san shekaru ba. Ka san su sarai, amma ka riƙe su a ciki sai an buƙata. Abin da ya fi shekaru amfani shi ne ka san su wane ne suka zauna a ina, domin tsohuwar Legas unguwa-unguwa ce, kowace da mutanenta da irin gininta.

Akwai Isale Eko, can gefen tsibirin, inda fadar Oba take, wadda ake kira Iga Idunganran. Su ne 'yan ƙasa. Ko sunan garin, Eko, wanda mu muka mayar Ikko, akwai ja-in-ja a kansa: wasu sun ce daga kalmar mutanen Benin ne mai nufin sansanin yaƙi, wasu sun ce daga kalmar Yarbanci ce mai nufin gona. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Legas, don tana taɓa batun waye ya kafa gari, Awori ko Benin. Kai ɗan koyo, faɗi duka biyun ka wuce. Shi kuwa sunan Legas daga 'yan Fotugal ne, ma'anarsa tafkuna.

Sai Turawa, da suka jera kantunansu da ofisoshinsu a Marina da Broad Street. A ƙarshen Disamban 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin luguden wuta, suka kori Oba Kosoko, suka mayar da baffansa Akitoye kan gado, wanda ya sa hannu a takardar hana cinikin bayi. Ran 6 ga Agusta 1861 ɗan Akitoye, Oba Dosunmu, ya sa hannu a takardar miƙa garin ga Ingila, jirgin yaƙi na tsaye a ruwa yana kallonsa. Turawa sun ce don hana cinikin bayi suka zo. Gaskiya ne ana cinikin, kuma ya yi ƙarfi a wannan gaɓa. Gaskiya ne kuma suna son manja da kasuwa. Jagoran da ya faɗi ɗaya ya bar ɗaya bai cika aikinsa ba.

Sai Saro. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragenta sun riƙa tare jiragen bayi a teku suna sauke mutanen a Saliyo. Da yawansu Yarbawa ne. Bayan shekaru, su da 'ya'yansu suka fara dawowa gida da Turanci a baki da ilimin boko, suka zauna a Olowogbowo. Daga sunan Saliyo aka sami Saro.

Sai Aguda, waɗanda suka dawo daga Barazil da Kyuba bayan sun fanshi kansu. Unguwarsu ita ce Popo Aguda, wajejen dandalin Campos da titunan Bamgbose da Kakawa da Tokunbo. Sun zo da sana'ar hannu: magina, kafintoci, maƙera, teloli, masu gashin burodi. Shi ya sa har gobe za ka ji Bayarabe ɗan Legas sunansa da Silva ko Pereira ko da Rocha.

Akwai kashi na biyar, amma sai mun kai wurin.

Hanyar da muke bi

A lissafina duk zagayen bai wuce kilomita huɗu ba, amma yakan ci awa uku da rabi har huɗu. Mukan haɗu a CMS saboda kowace mota ta san wurin.

Cocin da na sha kunya a gabansa shi ne Cathedral Church of Christ na 'yan Angilika. Ginin da ke tsaye yanzu Yariman Wales ne ya aza harsashinsa a 1925, aka gama a 1946. Labarin da ke riƙe mutane a nan shi ne na Samuel Ajayi Crowther: yaro ne aka kama shi bawa, jirgin Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822, ya yi karatu a Saliyo, a 1864 ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Angilika. Jikansa shi ne Herbert Macaulay, wanda ya kafa jam'iyyar NNDP a 1923, wanda kuma a Kano ciwon ajali ya kama shi a 1946 yana rangadin siyasa, aka mayar da shi Legas ya rasu. Ka ga a tsayuwa ɗaya ka haɗa bauta da addini da siyasa a gida guda, ba ka gajiyar da kowa ba.

Ga na 'yan injiniya kafin mu bar bakin ruwa. A da manyan jirage ba sa iya shigowa Legas saboda tudun yashi a mashigar teku. A waje suke tsayawa, a kwashe mutane da kaya a ƙananan jirage, kuma an yi asarar rayuka a wannan mashiga. Sai da aka jibge dogayen katangun duwatsu cikin teku aka yashe hanyar, sannan wajen 1914 manyan jirage suka fara shiga. Amma katangun nan sun tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, sai gaɓar da ke gabas, wato Bar Beach, ta fara zaizayewa, aka yi shekara da shekaru ana fama. An gyara wata matsala an haifi wata.

Daga nan sai mu kutsa titin Martins, cikin hayaniyar 'yan kasuwa, zuwa masallacin Shitta-Bey. In ba a nuna maka ba za ka iya wuce shi, don ƙarami ne kuma shaguna sun matse shi. Ni dai duk zagayen babu inda nake so kamar nan. Wanda ya ba da kuɗin ginin, Muhammadu Shitta, Basaro ne Musulmi, haifaffen Saliyo, attajirin da ya yi kasuwanci a kogin Neja. Wanda ya jagoranci ginin, João Baptista da Costa, daga cikin Aguda yake. Ranar buɗewa a watan Yulin 1894 gwamnan Turawa, Gilbert Carter, yana wurin. Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, ya aiko da sarautar "Bey", kuma wanda ya kawo saƙon wani lauya ne Bature da ya musulunta, Abdullahi Quilliam, mutumin Libaful. E, Libaful ɗin da kuke kwana musu a kanta a gidan kallon ƙwallo. Nakan tsayar da baƙi a tsallaken titi in ce su kalli fuskar ginin su faɗa mini da me ya yi kama. Kusan kullum sai wani ya ce coci. Daga wannan amsar sai bayani ya zo da kansa: maginin abin da hannunsa ya saba a Bahiya shi ya gina.

Babban masallacin Juma'a na titin Nnamdi Azikiwe, mai hasumiya huɗu, wanda aka buɗe a 1988, ba ma daɗewa a gabansa. Nuni ne kawai mu wuce dandalin Tinubu.

A dandalin Tinubu tambayar farko kullum ɗaya ce, kun san ta. Amsa: sunan Madam Efunroye Tinubu ne, attajirar da ta juya siyasar fadar Legas a tsakiyar ƙarni na 19, har ƙaramin jakadan Ingila ya matsa aka kore ta daga garin a 1856. Ta koma Abekuta, ta taimaka wa Egba da makamai a yaƙinsu da Dahomey, suka naɗa ta Iyalode, ta rasu a 1887. A satina na biyu nan na tsaya, na yabe ta na wuce. Wani baƙo daga Amurka, baƙar fata, ya ɗaga hannu ya ce, "Da me take kasuwanci?" Na ce taba da gishiri da manja. Ya ce, "Shi ke nan?" Na yi shiru. Ya san amsar, so yake ya ji ko zan faɗa. Ta yi cinikin bayi, wannan a rubuce yake. Oga bai yi mini faɗa a gaban mutane ba, sai da muka koma ofis ya ce, "Malam, mutumin nan wataƙila kakansa ta wannan gaɓa aka fitar da shi. Ya tsallako teku ya zo, kai kuma ka ɓoye masa. Wa kake karewa?" Tun daga ranar nake faɗin duka: ta yi tsayin daka gaban Turawa, kuma ta sayar da mutane. Ban taɓa ganin wanda ya yi fushi don na faɗa ba.

Filin da babu komai

Kusa da dandalin akwai wurin da muke tsayawa alhali babu abin gani. A nan Ilojo Bar yake a da, gidan bene irin na Aguda da aka gina wajen 1855, wanda ake kira Casa do Fernandez, daga baya ya koma hannun gidan Olaiya. Tun 1956 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa da doka ta hana a taɓa. Ran 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Salla, mutane na hidimar raguna, aka kawo katafila aka baje shi. Shekara fiye da 160 ta tafi a yini ɗaya.

Oga yana da hoton gidan da ya sa aka manne a leda mai kauri. Yakan ɗaga shi daidai inda ginin yake, ya bar mutane su kalli hoto su kalli wuri. Ba ya ƙara ko kalma. Wannan dabara ku riƙe ta, don ko a garuruwanmu za ku buƙace ta. Wanda ya san yadda badalar Kano take shekara ashirin baya ya san abin da nake nufi.

Daga nan sai cikin Popo Aguda. Ku masu zanen gine-gine, abin dubawa shi ne adon siminti da aka zagaye tagogi da ƙofofi da shi, da barandar ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe, da 'yan tagogin da ke leƙowa daga cikin rufi. Wannan salo bai tsaya a Legas ba. Yaran da suka koyi aiki wurin maginan Aguda sun kai shi Abekuta da Ibadan da Ijebu, inda masu kuɗin koko suka riƙa gina irinsa. A titin Kakawa akwai Water House na gidan da Rocha. Uban, João Esan da Rocha, yana yaro aka kama shi aka kai Barazil, ya dawo da iyalinsa. Gidan ya sami sunansa ne daga rijiyar da ake sayar da ruwanta lokacin da ruwan sha mai kyau ke wuya a tsibirin. Ɗansa Candido ya yi kuɗin da har Yarbawa ke buga misali da shi. Gidan mutane ne, ba gidan tarihi ba, saboda haka daga waje ake kallo sai in an ba da izini.

To a wannan titi ne aka koya mini tarihin kaina.

Wata Asabar cikin baƙinmu akwai wata dattijuwa daga birnin Salbado na jihar Bahiya, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ina bayanin frejon, abincin Aguda na wake da madarar kwakwa da ake ci ranar Juma'ar Ista, wanda sunansa daga kalmar Fotugal ta wake ya fito. Ta yi dariya ta ce haka ne. Sai ta tambaye ni ni wace ƙabila ce. Na ce Bahaushe. Matar nan ta dafe ƙirji. Ta ce a garinsu akwai abincin da ake kira arroz de hauçá, wato shinkafar Hausawa, shinkafa ce da ake dafawa ta yi laushi a ci da busasshen nama. Ta ce, "Ɗana, ba ka san mutanenku sun je can ba?" Na ce, "Mama, wallahi ban sani ba." Ni da aka ba ni baƙi in yi musu jagora.

Daren nan ban yi barci da wuri ba, karatu na shiga. Ashe yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan fara jihadin Shehu Usmanu a 1804 sun sa an kama mutane da yawa daga kowane ɓangare, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku, Legas na cikin tashoshin da aka loda su. Da yawa Bahiya aka kai su. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a Salbado, a 1814 kuma suka tashi da gaske. Babban tawayen shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin watan azumi, wanda ake kira tawayen Male. Yawancin masu shi Yarbawa Musulmi ne, da Hausawa a cikinsu. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu masu rubutun Larabci. Bayan an murƙushe su sai aka tsananta wa 'yantattun 'yan Afirka, aka kori wasu, wasu suka tattara da kansu suka biyo jirgi zuwa gaɓar nan. Wannan na cikin dalilan da suka cika Popo Aguda, kuma shi ya sa ba duk Aguda ne Katolika ba, akwai Musulmi a cikinsu.

Ga kashi na biyar da na ce sai mun kai wurin. Hausawa sun ratsa tarihin tsibirin nan ta ƙofa fiye da ɗaya. Wasu a ɗaure suka bi ta nan. Wasu da kaki suka zauna: a 1863 John Glover, wanda ya mulki Legas, ya haɗa 'yar runduna daga bayin da suka gudo wa iyayengijinsu, aka riƙa kiranta Hausawan Glover, ko da yake duk ɗan Arewa mai jin Hausa ana sa shi a wannan suna. Rundunar sojan Nijeriya daga wannan shekara take ƙirga asalinta. Unguwar Obalende ma da tsofaffin sojojin nan ta cika. Amma abin da na koya a dandalin Tinubu ya hau kaina a nan: da waɗannan sojoji Turawa suka yaƙi Asante a 1873 zuwa 1874, da su suka ci Ijebu a 1892, kuma magadansu ne suka shiga Kano da Sakkwato a 1903. In zan faɗi laifin kakar wani, sai in faɗi na nawa. Wasu kuma da jari suka zo. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka fara turo goro daga Gwalkwas ta jirgin ruwa zuwa Legas maimakon doguwar hanyar fatake, kuma bayan dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗar da aka yi dala da ita ta wannan tasha ta fita duniya.

Ragowar hanyar ba ta da wuyar bayani. Cocin Holy Cross na Katolika, wanda maginan Aguda suka gina na farkonsa, na yanzu kuwa na shekarun 1930 ne. Sai Freedom Park, tsohon kurkukun Broad Street inda aka tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo da Anthony Enahoro da Michael Imoudu. An rushe shi a 1979, wurin ya zama juji, sai a 2010 aka mayar da shi wurin shaƙatawa bisa zanen Theo Lawson, aka bar katangar da alamun ɗakunan fursuna. Nakan sa baƙo ya shiga ɗaki ɗaya ya miƙa hannuwansa. A nan muke hutawa, don akwai inuwa da abin sha da bayan gida. Idan ka haɗa wannan wuri da filin Ilojo Bar a zagaye ɗaya, baƙo ya ga abin da ke faruwa in an kula da in ba a kula ba, ba sai ka yi wa'azi ba.

Sai dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu ran 1 ga Oktoba 1960. Mu ƙare a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda Kenneth Murray ya kafa a 1957.

Abubuwan da ba a rubuta a handawut ba

Lokaci shi ne rabin aikin. Asabar da sassafe ta fi, kafin kasuwar Balogun ta cika. Ranar aiki Broad Street ba ta biyuwa da ayari. Juma'a da rana kada ka kusanci babban masallaci da baƙi, Lahadi da safe kuma coci na masu ibada ne. Watan Yuni da Yuli ruwa na iya tsare ku awa biyu, saboda haka ka san rumfar da za ku fake a kowane zango. In akwai Musulmi a ayarin, ka tsara yadda azahar za ta same ku kusa da masallaci.

Kada ayari ya wuce mutum goma sha biyu, kuma jagora biyu ne, ɗaya gaba ɗaya baya. Aikina na wata na farko kenan, bin baya ina ƙirga kawuna a kowace kwana. Na raina aikin sai ranar da wani yaro ya tsaya kallon mai sayar da agogo a titin Martins muka yi gaba. Minti huɗu kawai, amma har yau in na tuna fuskar uwarsa sai gabana ya faɗi. A wurin tsayawa, kai ne za ka fuskanci rana, baƙi su ba ta baya. Kada ka yi magana kana tafiya, na baya ba sa ji. Kowane zango labari ɗaya, minti biyar zuwa bakwai, sai tambaya.

Gaisuwa kuwa jari ce. Kafin a kawo baƙi, Oga yakan bi hanyar shi kaɗai ya gai da mai kula da masallaci, da masu gadi, da matan da ke kasa kaya a bakin tsofaffin gidaje, har da samarin unguwa masu zama a kwana. Waɗannan samari in ka wuce su kamar ba ka gan su ba, ranar da ka zo da Bature mai kyamara za ka gane kurenka. In ka gaishe su ka san su, su ne za su tsayar maka da mota ku tsallaka. Na koyi gaisuwar Yarbanci ta safe da ta rana da ta aiki, kuma ta buɗe mini ƙofofin da katin shaida bai buɗe ba. Hoto sai da izini, ko na mutum ko na gida, kuma kada kowa ya ɗaga kyamara wajen bankuna da ofisoshin gwamnati, ga ofishin Babban Banki nan dab da dandalin Tinubu. Ka sa mayafai biyu ko uku a jaka saboda mata masu son shiga masallaci, ka kuma gaya wa kowa batun cire takalmi tun kafin a isa. Fadar Oba ba a faɗa mata haka kawai, sai an nemi izini tun da wuri, shi ya sa ba ta cikin zagayen kullum.

Wajen kuɗi, ka haɗa kuɗin shiga wurare, da ruwa, da ɗan abin da za a ba masu kula, da motar komawa, da ladan jagora biyu. In mutum goma suka yi rajista, raba jimlar a kan bakwai, don da wuya su zo duka, kuma motar ba za ta rage maka ko kwabo ba saboda wani ya makara.

Sai abin da ya fi ba ni wuya: rarrabe abin da aka rubuta da abin da ake faɗa. Misali, a Broad Street akwai hubbaren Taiwo Olowo, attajirin da ya rasu a 1901, kuma kowa zai ce maka da narkakkun kwabbai aka ƙera mutum-mutuminsa. Labari ne mai daɗi, ka ba da shi, amma ka fara da "ana cewa". Haka ma fassarar sunan Obalende, da ake cewa yana nufin inda sarki ya koro mu. In an yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ka ce za ka bincika, ka karɓi lambar mutum, ka kuma aika masa. Cikin ayari sau da yawa akwai wanda ya fi ka sani yana shiru, kamar Mamar Salbado.

A gidan tarihi na Onikan akwai kan mutum-mutumin Nok da tagullar Benin, amma inda 'yan Nijeriya ke cirko-cirko shi ne gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ran 13 ga Fabrairu 1976, ga ramukan harsashi nan a jikinta. Umarnin Oga a nan shi ne in faɗi suna da rana, in ja da baya. Wata rana wani tsoho da ya zo da jikokinsa ya karɓe bayanin, ya ba su labarin inda yake tsaye lokacin da ya ji sanarwar a rediyo. Minti goma sha biyar ya yi, jadawalinmu ya lalace, direba na ta kira. Na kalli Oga, ya girgiza mini kai alamar in ƙyale shi.

Ga aikin gida ga 'yan ND 1, ba maki a ciki. Ku zaɓi wurare biyar a cikin garin nan da za a iya haɗawa a ƙafa, ku bi hanyar da agogo a hannu, ku rubuta minti nawa ne tsakanin kowane biyu, ina inuwa, ina bayan gida, wa za a gaisar. Kowane wuri ku samo masa labari ɗaya da kuka tabbatar da ɗaya da ake faɗa. Sannan ku ja abokan ɗakinku uku ku gwada a kansu, ku lura da daidai inda suka fara ciro waya. Wanda aka tura Legas kuma ya neme ni a sashe bayan azahar, taswirar hanyar da na zana da hannu tana nan, sai dai a yi hoto a dawo mini da abata.